Mudun Gwaggo Malama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Allah muke, kuma Gwaggo Malama ta riga mu komawa gare Shi, wata Laraba da hantsi, a ɗakinta na gidanmu da ke Ƙofar Gayan. Ƙanwar Gwaggo Babba ce, yayar mahaifina. Ni kuma 'yar ƙaninta ce, wadda ta zauna ɗaki ɗaya da ita a shekarunta na ƙarshe.

Tun ba a yi mata wanka ba na ji abin da ya zaunar da ni rubuta wannan. Tsakar gida ta cika da mata, tabarmi har bakin rijiya. Baba ya leƙo daga zaure ya ce don Allah duk wadda marigayiya ta ɓata wa rai ta yafe mata. Na sha zaman makoki a garin nan, na san yadda ake amsa wannan magana. Akan ce, "Haba, ba ta yi mana komai ba, mu dai ta yafe mana." A gidanmu ranar ba wanda ya ce haka. Murya ɗaya aka haɗa, har da sauri, kamar dama jira ake yi:

"Mun yafe mata."

Muryar Gwaggo Babba ce ta fi fitowa. Ta ƙara da cewa, "Na yafe mata duniya da lahira, duk abin da ta yi min." Mata suka yi ta jinjina kai, ana yaba mata haƙuri.

Ina rabon ruwa a kofuna ina jin sauran. Wata ta ce, "Allah sarki, ashe da gaske ba ta da lafiya." Ta kusa da ita ta ce, "Ni fa kwanan nan na gan ta cikin keke za ta makaranta, kumatu ɓul-ɓul, ga lemarta." Wata daga dangin mijin Gwaggo Babba ta rage murya, amma ba ta rage ta yadda ba zan ji ba, ta ce, "Ai mayukan nan na shafe-shafe ƙoda suke ci. Allah dai ya sa mu dace." Waɗanda na ga suna kuka na gaske su ne malaman makarantarsu da iyayen yaran ajinta, kuma su can aka bar su a bakin ƙofa, wajen takalma.

Ba don in yi wa kowa daɗi na rubuta wannan ba. Gwaggo Malama ba ta bar ɗa ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta bar gida ko gona ba. Suna kawai ta bari, shi ma ga yadda ake shirin binne shi: mai girman kai, mai yanke zumunci, mai shafe-shafe. In na yi shiru, abin da jikokin gidan nan za su taso su ji ke nan.

Ciwonta likitoci na kiransa lupus. Yadda ta yi min bayani, dakarun da Allah ya sa a jikin mutum don su kare shi ne suke juyowa su far wa jikin da kansa: gaɓoɓi, fata, jini, daga baya har ƙoda. Ba a ɗaukarsa a wajen wani, ba kuma ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi. Ta faɗa wa dangi wannan, ba sau ɗaya ba. Kada wani ya zo yanzu ya ce ɓoyewa ta yi. Matsalar ita ce ciwon bai yi kama da abin da mutanen gidanmu suka san ciwo da shi ba. Mu a wajenmu marar lafiya shi ne wanda ya rame, ya kwanta, aka je dubiya da lemo da ayaba. Ita kuwa maganin da take sha kumbura mata fuska yake yi, sai a ce ta yi ƙiba, hutu ya karɓe ta. Rana in ta taɓa ta, sai wani ja ya fito mata a kumatu biyu ya haɗe ta kan karan hanci, daga baya ya yi duhu. Duk macen birni ta san irin wannan tabo a fuskar masu bilicin, saboda haka ba wanda ya tsaya tambaya. Lemar da take riƙewa don likita ya hana ta shiga rana, ita ma ta zama shaida: wai tana tsoron kada haskenta ya dushe. Mace mai shekara hamsin da ɗoriya, wadda man da take shafawa bai wuce man kaɗanya ba.

Amma abin da ya fi cin ta ba tabon ba ne, gajiya ce. Ba irin gajiyar wanda ya yi surfe ya kwanta ya tashi garau ba. Takan kwana tana barci ta farka kamar an yi mata duka. Na dawo gida bayan aurena ya mutu, lokacin kowa a gidan yana da tambayar da zai yi min da shawarar da zai ba ni. Ita ko kalma ɗaya ba ta tambaye ni ba. Ta nuna min gefen gadonta ta ce, "Ajiye akwatinki nan, 'yar nan. Ni ba ni da ƙarfin surutu, za ki huta da ni." A nan na ga yadda safiyarta take. Bayan sallar asuba, wadda sau da yawa a zaune take yin ta, sai in kawo mata ruwan ɗumi a kwano ta tsoma hannuwa, ta yi ta motsa yatsu a hankali har su yarda su lanƙwashe. In ba haka ba ko alli ba za ta iya riƙewa ba. Wani lokaci ɗaura zane kaɗai sai ta zauna ta huta kafin ta sa hijabi.

Tana da wata magana da ba ta rabuwa da ita. Takan ce, "Ni ƙarfina mudu ɗaya ake auna min kullum da asuba. Ba ƙari, ba gyara. In na zubar da shi a hanya, me zan kai wa yara?" Komai nata da wannan mudun take auna shi. Wanki yana da rabonsa, hawa keke yana da nasa, har gaisuwa mai tsawo. In baƙuwa ta cika zance, bayan ta tafi sai Gwaggo ta dube ni ta ce, "Wannan ta tafi da rabin mudu, ko godiya babu." Mu yi dariya, ita tana dafe da haƙarƙari.

'Yan aji ɗaya take koyarwa a wata firamare da ke kan hanyar Kufena, kuma aikin nan shi ne abincinta, shi ne maganinta. In ta bar shi, sai dai ta koma miƙa hannu ga mutanen da suke cewa lafiyarta ƙalau. Don haka ta tsara shi yadda zai ɗauku. Ta sa kafinta ya yi mata 'yar kujera ta ajiye a tsakiyar aji, ba a gaba ba, yara su zagaye ta, mai karatu ya zo gabanta maimakon ita ta bi su. Rubutun allo na gobe takan yi shi yau kafin a tashi, lokacin da yatsunta suka saki. Tsayuwar asambuli cikin rana ta yi musaya da wata matashiyar malama, ita kuma ta karɓi duba littattafan ajin waccan, tunda shi a zaune ake yi. Wani hedimasta da aka kawo musu ya taɓa ce mata a gaban malamai, "Malama, ke kullum gajiya, kullum gajiya? In aikin ya fi ƙarfinki ai akwai masu nema." Ta ce, "Ranka ya daɗe, shiga ajina ka ɗauki duk yaron da ka ga dama ka ba shi littafi. In ya kasa, gobe ba sai ka kore ni ba." Bai shiga ba, bai kuma sake maganar ba. Ta dawo gida ranar ko abinci ba ta iya ci ba, ta ce faɗan ya cinye mata mudun gobe.

Asabar da Lahadi kwance take yini, ɗaki a rufe, labule a sake. Da wannan kwanciyar take sayen Litinin. To, Asabar da Lahadi kuwa su ne ranakun biki a Zariya. A nan aka samu abin kama ta.

A gidanmu zumunci a ƙafa yake. Ba a tambayar me ka aiko, ana tambayar an gan ka? Ka zauna? Har yaushe ka kai? Gwaggo takan aika gudummawarta, takan kira a waya, in abin na kusa ne takan leƙa da yamma in rana ta yi sanyi ta yi barka ta fito. Duk wannan a wajensu ba zuwa ba ne. Gwaggo Babba ce ta raɗa wa abin suna, ya kuma bi gari: "Ciwon Malama ai mai ilimi ne. Ya san hanyar makaranta, bai san hanyar gidan biki ba."

Sau ɗaya ta biye musu. Bikin autar Gwaggo Babba ne, aka yi ta aike ana cewa in ba ta zo ta kama aiki ba to ta nuna wa duniya ba ta ɗauki yarinyar 'ya ba. Ta je. Ta yini a bakin tukwane a filin bayan gida, rana a ka, wuta a gaba. Mata suna ta tsiya, "Kun ga, ashe tana iyawa!" Kwana biyu bayan nan muka ɗauke ta sai asibiti, baki duk gyambo, gwiwoyi sun kumbura, zazzaɓi kamar garwashi. Ta yi makonni a kwance, har aka fara maganar a ba wani ajinta. Da Gwaggo Babba ta zo dubiya, ta tsaya daga bakin gado ta ce, "Maleriya ce, ana yin ta bana. Allah ya sawwaƙe." Tun daga nan Gwaggo ta ce ta gama, ba za ta sake sayen yabon kowa da ƙodarta ba.

Akwai kuma maganar kitso. Gwaggo ba ta cire ɗankwali a gaban kowa, ko cikin mata. Ƙarƙashinsa ma akwai 'yar hula da take sakawa. Mai kitson unguwa in ta shigo gida kowa ya miƙa kai, ban da ita. Aka ce ta fi ƙarfin kitson tsakar gida, wai can wajen 'yan boko ake yi mata. Wannan ya fi ƙona wa Gwaggo Babba rai, don ita ta riƙa yi mata kitso tun suna yara, kuma har yau tana alfahari da cewa duk Ƙofar Gayan ba a yi yarinya mai gashin ƙanwarta ba. Ni na san abin da ke ƙarƙashin hular. Na roƙi Gwaggo Malama, na ce, "Gwaggo, ki buɗe musu sau ɗaya kawai, bakin kowa ya mutu." Ta harare ni ta ce, "Na faɗa musu da bakina ba ni da lafiya. In maganata ba ta isa ba, ba zan tuɓe don a yarda da ni ba. Ni ba abin kallo ba ce."

Faɗan da ya raba su ya zo ne da rasuwar mijin Gwaggo Babba, a gidansu na Ƙofar Jatau. Gwaggo ta je ranar farko, ta zauna kusa da yayarta har la'asar, na ga yadda take cije leɓe don zaman tabarma yana kashe mata ƙugu. Washegari ta ce sai ta je makaranta, don yara na jarrabawa, kuma bayan waccan doguwar jinyar ba ta da sauran fuskar neman izini. Niyyarta in an tashi ta wuce gidan makokin. Aka tashi, ta dawo gida don ta yi sallah, ta zauna a bakin gado, jikin ya ƙi tashi. Ina gani ta gwada, ta sake gwadawa, ta koma ta kwanta da hijabinta tana hawaye. Wata kuma ta riga ta kai labari cewa an ga Malama da safe da lemarta za ta aiki.

Bayan an share makoki Gwaggo ta je ba da haƙuri, na raka ta. Gwaggo Babba tana cikin takaba, ɗaki cike da mata. Gwaggo ta durƙusa da ƙyar ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, wallahi jikin ne ya ƙi."

"Jikin da ya kai ki makaranta?"

"Shi ne, Yaya. Can ya ƙare."

"To ai shi ke nan. Kin zaɓi 'ya'yan mutane da albashi, kin bar ni da gawa. Tashi ki je, kada rana ta taɓa miki fuskar da kike ta wahala a kanta."

Wasu suka sunkuyar da kai suna murmushi. Gwaggo ba ta iya tashi daga durƙuson ba sai da na kama ta, kuma na ji wata ta ce a bayana, "Ji wani sabon salo." Muna cikin keke, mun kusa gida, Gwaggo ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Da ma ƙafa ce ta guntule min, da sun kawo min kujera." Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma in an haɗu a hanya. Ko da ƙodar ta fara gazawa, ƙafafu suka kumbura, muna zaryar asibiti, Gwaggo Babba cewa ta yi a bari ta ga kamun ludayin abin tukuna, Malama ta saba. Gwaggo kuwa ba ta daina zuwa aji ba sai da ya rage 'yan makonni ta rasu.

To, mu koma ranar Laraba. Bayan an gama yafe mata, aka ce wa zai yi wanka. A al'ada babbar 'yar'uwa ce, Gwaggo Babba kuwa ta yi wa mata da yawa a dangi, ta san aikin. Ta tashi tana gyara zane, ni aka ce in riƙa zuba ruwa. Muka shiga, aka saki labule.

Ta fara yadda ake farawa, bakinta na motsi da addu'a. Da ta kama hannun, na ga ta ɗan tsaya a kan yatsun da suka karkace, ta wuce. Ta ga gwiwoyin, ta ga tabon allurai, ta wuce. Mace in an gama mata wanka akan taje gashinta a yi mata kitso uku a kwantar a baya. Gwaggo Babba ta ce in miƙo mata mataji. Na miƙa. Ta zame ɗankwalin, ta zame hular.

Babu gashi. Fatar kai ce fal tabo, wani fari wani baƙi, sumul kamar wurin da wuta ta taɓa ci, sai 'yan siraran gashi nan da can wajen ƙeya.

Ta daɗe a tsaye da matajin a hannu. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun kafin bikin autarki ya fara zuba. Bayan bikin ya ƙarasa."

Ta ajiye matajin. Ta tattara 'yan gashin nan na ƙeya ta raba su uku, ta fara kitsawa. Suka zame. Ta sake, suka sake zamewa. Ta yi ta gwadawa har sai da aka yi magana daga waje cewa maza na jira. Haka muka sa ta a likkafani ba kitso.

Na ɗauka in mun fito za ta yi magana. Tsakar gida cike, duk waɗanda suka ji ta shekara da shekaru tana cewa ciwon ƙarya ne suna zaune. Ta samu wuri ta zauna ta ja carbi. Ranar addu'ar uku matar nan ta dangin mijinta ta sake ɗauko zancen mayukan shafe-shafe, a gabanta, tana ji. Carbi kawai take ja. Da mutane suka ragu na samu Gwaggo Babba a ɗaki na ce, "Gwaggo, kin ji abin da ake faɗa. Ke kika gani da idonki."

Ta ce, "Abin da mai wanka ta gani ba ta faɗa. Haka addini ya ce."

Na ce, "Aibi aka ce a rufe, Gwaggo. Ciwo ba aibi ba ne. Aibin da ake rufewa a nan ba nata ba ne."

Ta ce ba ni da kunya, kuma ba mamaki, an san hannun da na zauna. Na karɓi wannan, na ma gode.

Abu ɗaya zan faɗa don kada in zalunce ta: tun da ta fito daga ɗakin wankan ban sake jin ta ce "na yafe mata" ba. Kuma ranar bakwai, ina naɗe tabarmi, ta kira ni gefe. Idonta ya faɗa, ta tsufa a 'yan kwanakin nan. Ta riƙe min hannu ta ce a hankali, "Ke kika zauna da ita. Ta taɓa cewa ta yafe min?"

Na ce, "Ki faɗa a tsakar gida abin da kika gani, ni kuma in faɗa miki abin da na ji."

Ta sake min hannu. An yi arba'in, an watse, har yau ba ta faɗa ba. Shi ya sa ni na faɗa. Gwaggo Malama ta hana ni buɗe kanta tana raye, na kuma kiyaye. Yanzu sunanta ne a hannun mutane, kuma na fi son ta yi min faɗa gobe kiyama a kan na faɗa, da in bar ta a bakin masu cewa bilicin ya kashe ta.

Allah ya jiƙan Gwaggo Malama, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, ya ba ta hutun da ba ta samu a gidanmu ba. Allah ya sa kowane harafi da yaran nan suka koya a gaban 'yar kujerarta ya zama haske a kabarinta.

Na san za a karanta wa Gwaggo Babba wannan, gidanmu ba a rasa mai kai labari. To ga amsarki, Gwaggo, ba don kin cika sharaɗi ba, sai don saƙon ba nawa ba ne da zan riƙe. Ta yafe miki. Tun a keken nan da muka dawo daga Ƙofar Jatau, kafin mu sauka, ta share ido ta ce, "Na yafe wa Yaya. Riƙo ma ƙarfi yake ci, ni kuwa muduna ba zai kai ba."

Ita ke nan. Ni kuwa lafiyata ƙalau, Gwaggo. Nawa mudun a cike yake.